Tambayi Tsohon Direba: Tirela a Cikin Birni

Assalamu alaikum. Wannan makon daga gona nake amsa muku, don ruwan kanal ya zagayo kanmu, kuma duk mai noman rani a ƙasar Kadawa ya san ruwa ba ya jiran mai uzuri. Ina zaune a gindin darbejiya, jikana yana karanto mini saƙonninku daga waya, ina faɗa yana rubutawa. Kuskuren rubutu nasa ne, na magana nawa. Tumatir ya fara fita, Kwanar Gafan ta cika ta batse, kowace yamma daga nan ina jiyo gurnanin motoci suna ɗaukar hanyar Kudu. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga yawancin saƙonnin a kan abu ɗaya suke: shiga birni da babbar mota, da zamanmu da masu kaki.

TAMBAYA: Baba, barka da hutawa. Shekarata bakwai ina yaron mota, bara na karɓi lasisi. Yanzu maigidana ya ce zai ba ni tirela in kai tumatir kasuwar Mil 12. Na sha zuwa Legas, amma a gefe nake zama. An ce dokar can ba ta da wasa, in aka kama maka mota sai ka sayar da gona. Me zan kiyaye?
Ɗanka, daga Garun Malam.

AMSA: Ɗana, Allah ya sa ka karɓa a sa'a. Shekara bakwai a gefen direba ba wasa ba ce. Ni shida na yi ina ɗaukar weji, abin da ake tokare taya da shi, ina kwana a ƙarƙashin mota, kafin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini makulli a 1986.

Ka ce ka karɓi lasisi, ba ka gaya mini wane aji ba ne. Ciro shi ka duba yanzu. Tirela, wato motar da kanta daban bodinta daban, aji G take buƙata. In B ka gani, na ƙaramar mota ne, a idon hukuma ba ka da lasisin abin da kake ja. Na san yara da yawa da suka ba wani kuɗi ya yo musu, aka kawo musu kati mai sheƙi wanda babu shi a kwamfutar Rod Sefti. In ba ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka ba, katin nan ado ne kawai. Lasisin tuƙin haya kuma sai mutum ya kai shekara 26. Bayan naka sai na motar: lasinta, inshora, takardar lafiyarta, da webil, wato takardar kayan da ka ɗauka. Ka karanta kwanan wata a jikin kowace da idonka, kada ka tsaya a kan "maigida ya ce komai daidai ne", don ba shi za a tsare ba. Tukunyar kashe gobara, jar alamar nan mai kusurwa uku, da na'urar ƙayyade gudu da aka tilasta wa motocin haya tun Fabrairun 2017, duk ana tambayarsu.

To, Ikko da agogo ake shigarta. Dokar hanya da Gwamna Fashola ya sa wa hannu a watan Agustan 2012 ta hana tirela yawo a cikin birnin daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, tankar mai da dogayen motocin fasinja ne aka ware. Wani lokaci a matsa, wani lokaci a sassauta, amma ranar da aka matsa ba a aiko maka da goron gayyata. Don haka lissafinka daga baya za ka faro shi: yaushe nake son in shiga, sannan yaushe zan tashi. Kilomita dubu ne da ɗoriya a gabanka. Mu a zamaninmu ta Birnin Gwari da Tegina muke yanka zuwa Mokwa, mu haye Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun. Yanzu da yawa ta Bida suke bi. Ko ta ina ka bi, ka yi ƙoƙari Ogere ta same ka da sauran rana. Nan ne zango na ƙarshe. Ka ci abinci, ka yi salla, ka runtsa, ka zagaya motar kana buga tayoyi, ka taɓa noti, ka ja igiyoyin kwanduna. Dare ya yi sai ka shiga a nutse.

A cikin gari abin da ya fi cin 'yan Arewa shi ne bin bayan danfo. Gosulo ya kama, sai ka ga bas mai ruwan ɗorawa ta tsallaka ta bi hannun da ba nata ba, wasu biyu suka bi ta, zuciya ta ce maka ai hanya ce. Danfo in ta hango 'yan LASTMA, masu kula da zirga-zirga a Legas, za ta juya cikin ƙiftawar ido ta faɗa lungu. Kai da doguwar mota ina za ka juya? Bin hanya a baibai a Legas hukuncinsa yana kaiwa ga ƙwace mota, an yi gwanjon irin waɗannan motoci a bainar jama'a a 2022, kuma har asibiti ake tura mutum a duba ƙwaƙwalwarsa. Sai layin BRT, da aka keɓe wa manyan motocin fasinja, wanda tun 2008 daga Mil 12 ɗin da za ka ya faro zuwa CMS. Za ka gan shi fayau babu kowa, naka kuwa a cushe. Ba naka ba ne, ko tayarka kada ta taka shi. In wata rana aka ba ka lodin tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, can kuma tun Fabrairun 2021 sai an kira ka ta manhajar Eto, ba a zuwa a yi layi a kan gada kamar da.

In aka tsare ka, sa sigina, nemi inda motar za ta tsaya ba tare da ta toshe hanya ba, ka sauko ka gaishe su. Tambayi laifinka. In akwai, ka ce a rubuta maka, ka biya inda hukuma ta ce a biya, ka riƙe rasit, ka kira ofishin ƙungiyarku da ke kasuwar. Wata shekara a wani gari da ba zan kama sunansa ba, fitilar bayana ɗaya ta mutu ban sani ba. Aka tsare ni, na miƙa na goro, aka ce wuce. Ban yi mil biyar ba wasu suka sake tsare ni a kan fitilar dai, na sake miƙawa. Na uku suka ce su ba sa karɓa, suka rubuta mini takarda. Ƙwan fitilar da zan saya a wurin mai lantarki bai kai rabin abin da na ba na farko ba.

Amma ɗana, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da nake son ya hana ka barci shi ne birki. Birkinmu na iska ne, kuma iskar da kwamfureso yake matsawa tana tara ruwa a cikin tanki. Kowace asuba maigidana yakan sa ni in shiga ƙarƙashin mota in ja 'yar sarƙar nan ta gindin tanki. Sai ka ji fuuu, wani baƙin ruwa mai gauraye da mai ya feso maka a hannun riga, sai ya ƙare iska zalla ta fito sannan ka saki. A lokacin ina ganin kamar mugunta yake yi mini, ga sanyin hunturu ga bacci. Bayan nan ka tayar da mota, ka zuba wa geji ido har ya cika, ka kashe, ka taka birki ka riƙe. In allurar tana sauka, iska na zuba a wani wuri, kuma motar nan ba ta tashi sai an nemo wurin. A gangare kuwa giya ce take riƙe mota. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. In ka saki mota ka dogara da ƙafa, layinin zai yi zafi har ka ji ƙauri, daga nan ka taka ka ji kamar ka taka katifa. Ranar 28 ga Yunin 2018 wata tankar mai ta faɗi a gadar Otedola, hanyar da kai ma za ka bi, ta kama da wuta da yamma titi a cike. Motoci sama da 50 suka ƙone, mutane suka mutu. Matsalar birki aka ce. A Janairun 2023 kwantena ta faɗo a Ojuelegba ta danne ƙaramar bas, mutum 9 suka tafi. In ka taɓa ɗaukar kwantena, makullan kusurwa huɗun nan ka murɗa su da hannunka, kada ka aiki yaro.

In ka dawo ka rubuto mini, ina son in ji ƙarfe nawa ka shiga.

TAMBAYA: Malam, na yi hayar mota ta kai mini tattasai Kudu. A wani birni aka tsare ta, aka ce kaya sun yi yawa kuma akwai mutane a saman lodi. Kwana biyu ta yi a tsare, rabin kayan ya ruɓe. Yanzu direban yana neman cikon kuɗinsa, ni kuma na ce shi zai biya ni. Wa ke da gaskiya?
Wani ɗan kasuwa, daga yankin Haɗeja.

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Asarar kayan gwari ba ta da daɗi, ni ma yanzu manomi ne, na san zafinta. Sai dai zan yi maka tambayar da ba ka amsa a wasiƙarka ba: lokacin da ake lodi kana wurin? Na yi shekara talatin ina jin magana ɗaya daga bakin masu kaya: "Direba, ɗan ƙara buhu ashirin ɗin nan mana, ai ba nauyi." Gaskiya ne tattasai ba siminti ba ne. Siminti buhu 600 tan 30 ne cif, kuma a kwance yake a ƙasan bodi. Tattasai kuwa sama yake tafiya. Lodi in ya yi tsiri, motar takan zama kamar mace ta ɗauko tulu a ka tana gudu, da ta shiga shataletale sai ka ji tana neman kwantawa. Ga wayoyin lantarki, ga ƙarfen da ake gittawa a bakin wasu gadoji. Mai kaki ba ya buƙatar sikeli kafin ya gane wannan, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Don haka in kai ka matsa aka ƙara, kana da kaso a cikin abin da ya faru, ko da direban ma bai kamata ya yarda ba. Mutanen da ke saman lodi kuwa, in ba yaranka ba ne masu rakiyar kaya, to direba ne ko yaronsa ya karɓi kuɗinsu ya sa a aljihu, kuma wannan nasa ne shi kaɗai. Ban taɓa son wannan ɗabi'a ba. Motar kaya in ta faɗi da mutum arba'in a samanta, ba a kirga masu rauni, gawa ake kirgawa. Rod Sefti sun daɗe suna yaƙi da ita, kuma a nan ina bayansu.

Kada ku yi ta musu a waya. Ku zauna gaban shugabannin ƙungiyar direbobi da na 'yan kasuwarku, a kira ɗan kamashon da ya haɗa ku, a fito da webil da takardar da aka rubuta wa motar. Ita za ta faɗi laifin da aka tsare ta a kai. In lodi ne, ku raba. In mutane ne, ya haƙura da cikon, ya kuma san abin da zai ce maka. Gaba kuma a rubuta adadin buhu kafin a ɗora na farko.

TAMBAYA: Baba, mijina shanu yake ɗauka daga Maigatari ranar Alhamis zuwa Legas. In ya dawo idonsa jajur, hannunsa na rawa, abin da bai kai ya kawo ba sai faɗa. Na ga wasu ƙwayoyi a aljihunsa, ya ce na hana barci ne, duk direbobi suna sha. Ina tsoro.
'Yarki, daga Ringim.

AMSA: 'Yata, tsoronki a kan hanya yake, kuma ba duk direbobi ke sha ba. Na san abin da ke kora shi. Shanu ba sa jira, in suka daɗe a tsaye wata za ta kwanta sauran su tattake ta, mai shanu kuma yana kira kowace awa. Sai mutum ya ga mafita ita ce ya ƙi barci. Ƙwayar ba ta cire barci, rufe shi take yi kamar an rufe garwashi da toka. Ido a buɗe, ƙwaƙwalwa ta tafi. In irin su tiramol ne kuwa, bayan kama jiki har farfaɗiya suna tayarwa, ki duba mutum a kan sitiyari. Kuma in 'yan NDLEA suka same su a jikinsa, wannan ba maganar tara ba ce.

Ni goro da shayi na sani, amma ko da su na taɓa yin barci ina tuƙi. Tsakanin Mokwa da Jebba ne, gab da asuba. Abin da na tuna ina kallon jar fitilar wata mota a gabana. Abin da na tuna bayan nan, ciyawa tana dukan gilashi, yarona yana salati da ƙarfi. Allah ya sa wurin shimfiɗe ne. Na sauko ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a kan kwalta har gari ya waye. Tun daga ranar in hamma ta zo mini sau uku a jere, fakin nake yi, ko kayan wa na ɗauka.

Kada ki tare shi da maganar ranar da ya dawo. Bari ya yi wanka, ya ci, ya yi barcinsa har ya gaji. Sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, mahaifinsa ko maigidan da ya koya masa mota, ki gaya masa a asirce. Abin da za a nema masa abu biyu ne: direba na biyu da za su riƙa karɓar juna a tafiyar shanu, da ganin likita, don in jiki ya saba da ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya da ƙarfin tuwo.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikacin kula da zirga-zirga ne. Kullum ku direbobin manyan motoci kuna zaginmu, alhali mu muke tsaye a rana. Sau nawa na ɗaga wa tirela hannu ta ƙi tsayawa sai ta wuce ni. Kuma da an taɓa ɗayanku sai ku gitta motoci ku rufe hanya. Ka gaya wa 'yan'uwanka gaskiya.
Wani ma'aikaci, mazaunin Wudil.

AMSA: Yallaɓai, na ji daɗi da ka rubuto, ka kuma yi daidai da ka fito fili. Ni na tuƙa mota kafin a kafa Rod Sefti a 1988, zamanin Babangida, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Na kuma tuƙa a Kano kafin KAROTA ta zo a 2012. Na ga yadda Bata da 'Yan Kura suke cakuɗewa, mai kura da mai babur da mai bas kowa ya sa kai, a yi awa ba a motsa ba. Wanda ya ce aikinku ba shi da amfani bai ga wancan zamanin ba.

Amma zo in hau da kai kujerata ka ga abin da nake gani. Dokar hanya ta ce tirela da tanka kada su wuce kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen titi. Ko a 45 ɗin, da tan 30 a bayana, daga lokacin da na ga hannunka zuwa lokacin da iska ta isa tayoyin baya akwai ɗan jinkiri, sannan nauyi ya ci gaba da turo ni. In ka fito daga bayan wata mota ka ɗaga hannu a gab da ni, zan wuce ka ko ina so ko ba na so. In na danne birki gaba ɗaya kuma, bodin zai iya naɗowa ya share duk abin da ke gefe. Ka tsaya inda zan hango ka daga nesa, ka nuna mini inda zan tsaya, kuma don girman Allah kada ka taɓa shiga gaban babbar mota ko ka maƙale a ƙofarta tana tafiya. Wanda ke tsaye daf da hancin motar, direba ba ya ganinsa sam.

Wani abin kuma da za ka taimake mu da shi, shi ne kwana. In zan karya dama, dole in buɗe hagu tukuna, don tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi. Wannan buɗewar tana barin fili a damana, kuma babu ɗan adaidaita sahu da zai ga fili ya ƙyale. Wata rana a titin Haɗeja, na sa sigina, na buɗe, na duba madubi babu kowa, na fara karyawa. Sai yarona ya ƙwalla ihu yana dukan ƙofa. Na tsaya cak. Na sauko na tarar tayar baya ta riga ta murƙushe hancin adaidaita, ga wata mata a ciki rungume da jariri, ko kuka ta kasa. Taku ɗaya ya rage. Ma'aikacin da ke wurin yana can yana duba takardun wani mai ƙaramar mota. Da ya ɗaga wa ɗan adaidaitan hannu na daƙiƙa biyar, da ba a yi haka ba. Ni ma da na sa yaron ya leƙa tun kafin in karya, da ba a yi ba.

Maganar rufe hanya kuwa, gaskiyarka. Na taɓa shiga ciki sau ɗaya, an doki wani ɗan'uwanmu, muka gitta motoci. Muna ta cika baki, sai ga wani dattijo ya taho a ƙasa yana roƙonmu, 'yarsa tana naƙuda a cikin mota can baya. Kafin a nemo direbobin da za su janye motoci uku, an fi awa. Ban san yadda ta ƙare ba har yau, kuma ban sake shiga ba. Wanda ya doki direba ba ya cikin layin nan, talakawa ne a ciki. Muna da ƙungiyoyi, NARTO ta masu motoci, NURTW ta direbobin haya, da PTD ta direbobin tanka, aikinsu ke nan su bi kadi. Laifi tudu ne, Yallaɓai. Na taka nawa na faɗa, saura ku. Kai ma ka san a cikinku akwai wanda ba lafiyar mota yake dubawa ba, aljihun direba yake dubawa.

TAMBAYA: Baba, ni malamin firamare ne, makarantarmu a bakin titi take. Tun abin da ya faru a Majiya hankalina bai kwanta ba. Me zan koya wa yara su yi in tanka ta faɗi?
Wani malami, daga Taura.

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daren 15 ga Oktoban 2024 ne, tankar ta taso daga Kano za ta Nguru, ta faɗi, mai ya malala, jama'a suka fito da bokitai. Sama da mutum 150 wutar ta ci. Wata uku bayan nan aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Daga 1 ga Maris 2025 gwamnati ta hana loda tankoki masu cin lita 60,000, amma mai lita 33,000 ma ta isa ta cinye unguwa.

Abin da mutane ba su gane ba, ba ruwan fetur ɗin ne yake fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata da rami, ya yi nisa da motar ba a ganinsa. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko wani ya tayar da babur, ko murhun mai shayi can gefe, shi ke nan. Ka gaya wa yaran: in hancinka yana jin warin fetur, to kana cikin wutar, ba ta dai tashi ba ne. Su gudu ta inda iska take tahowa, su nufi tudu, kada su tsaya kallo ko ɗaukar hoto. Babba ya kira 122, lambar Rod Sefti ce kyauta, a tare hanya daga nesa ta ɓangare biyu, a kashe duk wata wuta da ke kusa. In ka ga direban tankar da kansa ya fito yana gudu yana kora mutane, ba rowa yake yi ba. Ka kai maganar ga mai gari da liman ma, don a Majiya ba yara kaɗai suka fita ba.

TAMBAYA: Baba, me ya sa in motarku ta lalace kuke zuba ganye a titi?
Ɗan makaranta, daga Gezawa.

AMSA: Jikana, don mun tarar ana yi ne, kuma da rana yana ɗan aiki. Da dare kuwa ganye ba ya ƙyalli, mai gudu sai ya taka shi kafin ya san akwai shi. Jar alamar mai kusurwa uku ita doka ta sani, a ajiye ta can nesa da bayan motar, in a kwana ne a kai ta kafin kwanar. A ƙara ganyen a kai ba laifi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a gama gyara a tashi a bar rassan da duwatsun da aka yi weji da su a tsakiyar kwalta. Wani maƙwabcinmu da irin dutsen nan ya ci karo a kan babur yana dawowa daga kasuwar Kura da magariba, har yau da sanda yake zuwa masallaci.